Alƙaluman da Baba Bai Manta Ba

Mahaifina direba ne. A Jidda aka haife shi, a unguwar Nuzla ya haife mu, kuma ya yi shekaru yana tuƙa wani tsohon injiniya Ba'amurke da ke zaune a unguwar Abhur. Tsohon nan ba shi da hira sai ta besbol, wasan nan da ake dukan ƙwallo da gora a zagaya fili a guje. Wasa ɗaya ne ma ya tsaya masa a rai, wanda aka kai shi kallo yana yaro, a tsakiyar ƙarnin da ya wuce. Kullum suna mota sai ya sake ɗauko shi: wa ya jefa, wa ya daka, sau nawa kowa ya samu, sau nawa ya kuskure. Tun Baba na cewa "na'am" don ladabi har ya haddace.

Da tsohon zai koma ƙasarsu, sai ya bar masa takardar wasan, mai layi-layi, ta yi ja saboda tsufa, an rubuta sunayen 'yan wasa da alƙalumansu da fensir. Baba bai taɓa taka filin besbol ba, amma in ya fara jero su ba ya jin kira. Mu kuwa dariya muke masa, ni ce kan gaba.

Da girma ya zo sai mantuwa ta kama shi. Ta fara da makullin mota, ta kai ga hanyar masallaci. Wata Juma'a na zo daga unguwar Aziziyya inda nake aure, na durƙusa na gaishe shi. Ya amsa da irin fara'ar da ake yi wa baƙo.

"Sannu da zuwa, baiwar Allah. Wajen wa kika zo?"

"Baba, ni ce fa. 'Yarka ta fari."

"Masha Allah," ya ce, ya juya wajen Umma. "A kawo wa baƙuwa shayi."

Na shige kicin na yi kuka mai isata. Umma ta biyo ni da takardar a hannu. "Halas, ya isa haka, share hawayenki. Je ki karanta masa sunan farko."

Ina karantawa ya gyara zama. Ya gyara mini lafazin sunan, sannan ya ɗora, mutum bayan mutum, ina bi da yatsa. Ko ɗaya bai kuskure ba.

"Ashe kin san wasan nan," ya ce, yana murmushi. "Ina da 'ya kamarki, ita ba ta so. Dariya take mini."

"Ka yafe mata, Baba."

"Yarinya ce ai."

Daga nan duk Juma'a haka muke yi. A matsayin baƙuwa nake zuwa, a haka nake tafiya. A wata ta bakwai ya kai tsakiyar takardar ya tsaya cak. Leɓensa na motsi, babu abin da ya fito. Ya dube ni a tsorace.

"Wa ke biye?"

Na faɗa masa. Bai maimaita ba, sai ya riƙe hannuna har aka kira la'asar.

Ranar Talata ina shanya a saman bene ƙanena ya bugo waya. Ya fara da Hausa, ta gagare shi, ya ƙarasa da Larabci: Baba ya rasu. Na zauna a ƙasa, jiƙaƙƙen zane a cinyata.