Koren Fenti a Kan Sassaƙar Kona

Har in mutu ba zan manta da abin da aka yi mini a Jalingo ba, kuma ko yanzu na tuna sai na ji zuciyata tana tafasa.

Lokacin ba a daɗe da ba mu jiha ba. Gari ya farka, kullum sabon shago, kullum sabon ofis, mu masu rubuta allon shago ko lokacin cin abinci ba mu samu. Sai muka haɗa ƙungiya da masu zane da makaɗa da 'yan wasan kwaikwayo, muka shirya baje kolin aikin hannu a wani zaure a unguwar Sintali. Muka naɗa ciyaman, wani mai son kwat ko da rana tana ƙuna.

Ni na je ƙauyen Kona roƙon wani tsoho masassaƙi ya ara mana aikinsa. Sau uku yana hana ni. A na huɗu ya shiga ɗaki ya fito da mutum-mutumi na itace, baƙi ƙirin saboda hayaƙi da shafar hannaye na shekara da shekaru.

Ya ce, "Ɗana, wannan babana ce ya sassaƙa. Shi nake duba in yi nawa. Ko ruwa kar ta taɓa."

Na ce, "Baba, a wuyana."

Na ajiye shi a zauren, na tafi ƙarasa allon wani mai kemis. Da na dawo da la'asar sai na tarar da mutum-mutumin a rana yana ƙyalli. An goge shi da samfefa, an lafta masa fenti kore da fari, har da jan baki!

Na daka tsawa, "Wa ya yi wannan?"

Ciyaman ko a jikinsa. "Ni na sa a gyara. Manyan baƙi za su zo, ka kwaso mana datti? So kake a ce mu ƙauyawa ne?"

Wai datti! Na cakumi kwat ɗin nan har maɓalli ya tsinke, da ƙyar aka ɓamɓare ni. Na sa kananzir, fentin ya fita, amma baƙin nan samfefa ta riga ta cinye shi.

Washegari tsohon ya zo da sabuwar hularsa. Ya tsaya ya duba, ya shafa fuskar itacen da yatsa.

"Ina nawa?"

"Shi ne wannan, Baba."

"A'a. Wannan itace ce kawai."

Ya juya ya tafi, bai ɗauka ba. Da ya zage ni da na fi samun sauƙi. Har ya rasu, in na gaishe shi amsawa yake kamar bai taɓa ganina ba.

Ciyaman dai ban yafe masa ba, ba kuma zan yi ƙaryar na yafe ba. Amma ni aka danƙa wa, ni kuma na tafi na bari. Tun ranar na koyi cewa kayan amana ba a barinsa, ko na awa ɗaya, a hannun mutumin da yake jin kunyar inda ya fito.