Kunne Ba Ƙirgi

Duk ranar da na bi ta bayan kwata na tarar ana babbakar ganda, sai na toshe hanci na ƙara sauri. Yaran wurin sun ɗauka tsabta ce ta dame ni, har dariya suke yi mini. Ni da na tashi cikin kashin shanu a kara, kasuwar dabbobi, wace tsabta? Ƙaurin gashin nan ne ba na so, don shi ke mayar da ni shekarar da ruwa ya ɗauke, tun Turawa ba su tafi ba, ina ɗan shekara goma sha ɗaya. Bari in gaya maka. Ko ka ga laifina ko kada ka gani, ni dai na daɗe da yanke wa kaina hukunci.

Gidanmu yana Ƙofar Atiku. Baba dillalin shanu ne a kara, mutumin da bai taɓa yarda da kowa ba, kuma yana alfahari da hakan. In aka kawo masa saniya sai ya buɗe bakinta ya duba haƙora, in aka kawo masa magana ma haka yake yi mata. Inna kuwa Bafulatana ce, daga wata ruga arewa da birni aka auro ta. Can yayanta yake, kawuna ke nan, kuma a hannunsa Baba ya ba da kiwon shanunsa bakwai. Sharaɗin kiwo kowa ya san shi. Nono na matar makiyayi ne, ta sha ta sayar. Shanu da abin da suka haifa na mai su ne. In dabba ta mutu, a feɗe ta a shanya fatar, a kawo wa mai ita ƙirgin tare da kunnen da ke ɗauke da shaidarsa. Shaidar Baba tsaga biyu ce a kunnen hagu. Ƙirgi kuwa ba abin yarwa ba ne a lokacin, kantunan Turawa suna saye.

A shekarar, damina ta fara kamar da gaske, gero ya kai gwiwa, sai ruwa ya ɗauke bai dawo ba. Kafin rani ya raba, ciyawa ta ƙare a daji. Kawu da sauran maza suka kora shanun da ke da ƙarfin tafiya suka yi kudu. Aka bar mata da yara da tumaki da shanun da ba za su kai ba. Huɗu daga cikin na Baba suna cikin waɗanda aka bari, a hannun matar kawu, wadda muke ce wa Goggo.

Da farko wani mai jaki da ke kai gishiri rugage ya kawo wa Baba kunne ɗaya a ƙunshin ganye. Baba ya juya shi, ya ga tsagarsa, ya ajiye. Bayan wata guda Goggo ta zo da kanta, a ƙafa, tafiyar yini da rabi. Ta durƙusa a bakin zaure ta sauke ƙwarya ta ɗaga faifai. Kunnuwa biyu ne a ciki, sun bushe sun nannaɗe.

Baba ya ce, "Ina ƙirgin?"

Ta ce, "Ga kunne nan, Malam."

"Na ga kunne. Ƙirgi nike tambaya."

Ta dubi ƙasa ta ce, "Allah ya yi ikonSa."

Baba ya ce, "Ikon Allah bai cin fata."

Inna ta kai wa Goggo tuwo cikin ɗaki, ita kuwa ta ce ta ƙoshi. Kowa ya san Bafulatana ba ta cin abinci gidan surukai da daɗin rai, Baba ma ya sani, amma ranar sai ya ce mai yunwa ba ya ƙin tuwo. Da ta tafi, ya kira ni zaure ya ce saniya na rayuwa ba kunne, amma ba ta rayuwa ba fata. Wato dai an yanke kunnuwan, an sayar da shanun da ransu, an mayar da shi wawa. Ya ce in bi mai jakin gishiri in kwana uku a rugar, da sunan gaishe da dangin uwata. "Ka buɗe ido ka rufe baki. Ka duba tukunya." Na ji kaina ya kumbura. Aji biyu kacal na yi a elementare kafin ya cire ni, amma ranar sai na ji kamar an naɗa ni alƙali.

Rugar bukkoki shida ce a wani fili da ya koma fari fat, babu namiji ko ɗaya da ya kai ya riƙe sanda. Tun da asuba mata suke fita. Rijiyar kusa ta ƙafe, wadda ke da ruwa tana da nisan rabin yini, kuma babu takarkarin jan guga, su ke ja da hannu, har tafin Goggo ya tsage ya yi kanta ya sake tsagewa. Na ga mace da goyo ta hau gawo da gatari tana sassabo wa tumaki reshe, aikin da ko a mafarki ban taɓa ganin mace ta yi ba. Na ga tsofaffi suna tona gidan tururuwa suna sheƙe ƙasa don 'yan ƙwayoyin da ke ciki. In saniya ta kwanta ta kasa tashi, sai su zura mata itace ƙarƙashin ciki, su huɗu su biyar, su ɗaga ta suna kiran sunanta kamar mutum. Duk na ga wannan da idona. Amma ba shi aka aiko ni in gani ba, don haka ban ajiye shi a raina ba.

Saniyar Baba ɗaya ta rage, wata ja mai ɗan maraƙi. Ita kaɗai ke ba da nono a bukkar Goggo, shi ma bai cika ludayi uku ba.

Ranar da na isa, bayan gaisuwa, Goggo ta kama wuyan hannuna ta matsa kamar mai gwada ƙarfinsa. Ta ce, "Ɗan birni, ka iya yanka?" Na ce a raina, lallai Baba ya yi gaskiya, so take ta sa hannuna cikin ɓarnarsu. Na ce ban iya ba, alhali na sha yanka kaji, har rago na taɓa yankawa Baba na riƙe da hannuna. Ta sake ni.

Da yamma suka ba ni nono a ƙoƙo, su kuma suka zagaya bayan bukka da wata tukunya. Da safe an tura ni ganin tumaki, ina can na jiyo ƙauri, irin na bayan kwata sak. Ɗan dillali ba ya ɓatan wannan ƙauri. Kwana uku haka, ni nono, su tukunya a ɓoye. Ɗiyar Goggo, wadda ta girme ni da shekara biyu, abokiyar wasana ce tunda ɗiyar kawu ce, ba ta kirana da komai sai Kaɗo, wato Bahaushe. Ta ga ina leƙe-leƙe ta ce, "Kaɗo, in ƙasusuwan shanun tsohonka kake nema, suna can hanyar rijiya, zo in kai ka. Amma ƙafar birni ba ta kaiwa." Na dubi rana na ce ba ni zuwa. Tafiyar rabin yini ce na ƙi yi.

Da na dawo na gaya wa Baba abu uku. Babu ƙirgi ko ɗaya a shanye. Suna dafa nama suna ɓoye mini, ni suna ba ni nono kawai. Kuma Goggo har ta tambaye ni ko na iya yanka. Inna tana bakin murhu tana ji, muciya a hannunta, ba ta juyo ba. Washegari Baba ya tura mutum biyu suka koro jar saniyar da maraƙinta. Sun ce Goggo da kanta ta kwance igiyar ta miƙa musu. Saniyar ba ta yi sati a birni ba ta kwanta, mahauta suka ɗauke ta a banza. Ɗan autan Goggo, wanda aka yaye a farkon ranin nan, bai ga damina ba. Da ruwa ya sauka kawu ya dawo daga kudu, ya koro sauran shanun Baba uku har ƙofar gida, ya yi sallama daga waje, bai shiga ba. Bai ƙara tako gidanmu ba har ya mutu.

Sai da aka sami 'yancin kai da shekaru, ranar sunan ɗana na fari, sannan na ji sauran. Ɗiyar Goggo ta zo, lokacin tana aure a birni tana sayar da fura wajen Hubbare. Aka kai mata kwanon ganda da yaji, ta ture. Na ce da wasa, "Bafulatanar daji, ba ki san daɗi ba." Ta dube ni ta ce, "Kaɗo, na ci rabona tun shekarar da ka zo muna leƙen tukunya."

A nan tsaye, cikin hayaniyar mata, ta gaya mini. Mace ba ta yanka a wurinsu, kuma babu namiji. Saniya sai ta faɗi suna kallo ta mutu mushe. Naman suka bar wa angulu, don haramun ne. Fatar ce Goggo ta ce ai ba nama ba ce, suka riƙa yankar ƙirgin suna babbakewa suna dafawa yara su tauna. In Goggo ta faɗa wa Baba, gari ya ji 'yan rugar nan sun ci mushe, wa zai auri ɗiyarsu? Ta zaɓi a kira ta ɓarauniya. Nonon da na sha kwana uku kuwa na ɗan autan ne, aka ba baƙo. Ranar da Goggo ta tambaye ni yanka, akwai tunkiyarta da ta kwanta tana numfashi sama-sama. Da na ce na iya, da sun ci halal.

Na je na sami Baba, ya tsufa lokacin, na zayyana masa. Ya daɗe yana jan tazbaha, sannan ya ce, "Ai da ta faɗa." Shi ke nan abin da ya ce. Inna kuwa da na tambaye ta ko ta sani, sai ta ce tun ranar da ta ga kunnuwan ta sani. Na ce don me ba ki yi magana ba? Ta ce, "Asirin gidanmu ne."

Yanzu wurin rugar ya zama gonaki, ko turke ɗaya ba ka gani. Ganda ta zama abin marmari, manyan motoci ke kwasar fatu zuwa kudu don ci, ba mai jin kunya. Ba mai ba da kiwo a kan kunne da ƙirgi kuma, kowa ya zama Baba, in an ce makiyayi sai a ce ɓarawo tun ba a tambaya ba. Ni ina nan kara ina riƙe wa mutane igiya, ban mallaki ko akuya ba, kuma ban fi su yarda da mutane ba, kada in yi maka ƙarya. Abu ɗaya ne ya canza a wurina. In na je gidan mutane aka miƙo mini ƙoƙo, ba na kai shi baki sai na ga abin da yaran gidan ke ci.