Kular Baba a Gefen Inji

Babanmu bai taɓa tsayawa an ɗauke shi hoto ba. Ko ranar aurena, mai hoto na ɗaga kyamara ya zame ya shige masallaci. Da ya rasu muka bincike gidan kaf, ba mu samu komai ba sai ɗan fasfon katin aikinsa, wanda ruwa ya cinye rabin fuskar.

A lokacin ina aikin buga takardu a ofishin wani kamfanin roba a Sharaɗa. Wani tsohon abokin aikin Baba ya zo mana gaisuwa, ya ce ai Malam yana cikin shafin intanet na masaƙar da suka yi aiki a Bompai. Ya ce amma in hanzarta, an sayar da masaƙar, ko yaushe za a iya rufe shafin.

Washegari ina isa ofis na buɗe. Hotuna ne a saman shafin suna wucewa ɗaya bayan ɗaya, a na huɗun kuwa ga Baba can baya a gefen inji, bai ma san ana ɗauka ba. Kafin in gama kallonsa ya wuce. Na yi na yi in sauke hoton, ya ƙi. Na ɗauki allon da wayata, sai layi-layi da inuwar ɗankwalina. Wallahi har na fara zagin kwamfutar.

Matar da ke kula da kwamfutocinmu, wadda muke ce wa Yaya don ta girme mu, ta leƙo.

"Ke, fasa mana allo za ki yi? Ai sikirinshot ake yi."

Ta nuna min wata 'yar manhaja mai ɗaukar duk abin da ke kan allo. Sau shida ina dannawa, ina kama buhunan zare da motar manaja. A na bakwai na kama shi.

Na ce fuskarsa kawai zan yanko in ƙara mata girma. Yaya ta ce, "Yanko, amma ki ajiye cikakken ma." Ina ruwana da injinan mutane? Na dai ajiye don kada ta ishe ni da mita. Ba a yi sati biyu ba shafin ya ɓace.

Na buga duka biyun a takarda na kai wa Umma gida a unguwar Hotoro. Fuskar da na ƙara wa girma duk ta dushe. Ta jujjuya takardar, ta ce wannan ai kowa ma zai iya zama. Raina ya ɓaci, gaskiya, bayan duk wahalar da na sha. Sai ta jawo cikakken da na sa a ƙasa, ta matsa bakin ƙofa inda haske yake.

Ba fuskar ta kalla ba. Yatsa ta ɗora a kan wata kular abinci da ke ƙasa kusa da ƙafarsa, ɗaure da ƙyalle.

"Ɗaurina ne wannan," in ji ta. "Ba a kwance ba."

Ta kai yatsan kan agogon da ke jikin bango a bayansa. "Ƙarfe nawa nan?"

Na ce huɗu saura kwata.

"Duk shekarun nan ce min yake da azahar yake ci, da zafinsa." Ta yi 'yar dariya, hawaye na zubo mata. "Allah ya jiƙan ka, Malam. Ashe haka kake wuni."

Ta goge takardar da gefen zanenta, ta miƙo min ɗayar.

"Tafi da fuskar. Ni wannan zan riƙe."