Iska a Ƙeyar Baba

Surukina tsohon direban bas ne, kuma duk shekarun da ya yi a kan titi bai taɓa tsayawa ya tambayi hanya ba. Shi ne mai faɗa, amma na yarda, don taurin kansa ya isa shaida.

Da shanyewar ɓarin jiki ta raba shi da sitiyari, muka dawo da shi wurinmu a saman bene. Mijina ya sayo masa irin tabaran nan mai rufe ido ruf, wanda in ka sa sai ka tsinci kanka a wani gari na cikin na'ura, da tituna da shataletale, alhali a falo kake takawa. Wai don ya riƙa motsa ƙafa.

Tabaran kan nuna jan layi in mutum ya kusa bango ko ƙofa. Baba ya sa aka kashe layin.

"Ni za a zana wa layi?" in ji shi. Ya sa aka ajiye fanka a bakin ƙofar matakala. "In iska na ƙeyata, matakala na bayana. Magana ta ƙare, 'yar nan."

Hankalina bai kwanta ba. Ya haddace lungunan garin can kaf, amma in ya cire tabaran sai ya tsaya yana kallon falonmu kamar baƙo.

Wata rana na dawo daga kasuwa, hadari ya haɗo, an ɗauke wuta. Fanka ta tsaya, iskar hadari kuwa ta taga take shigowa, daga ɗaya ɓangaren. Daga ƙasan matakala na hango shi ta ƙofa. Ya ba taga ƙeya, yana tahowa yana murmushi, ƙarar motocin can ta cika masa kunne.

"Baba! Tsaya!"

Ina! Na watsar da kaya na haura a guje. Ƙafarsa mai lafiyar ta riga ta bar ƙasa lokacin da na tare shi da ƙirji, ni da ko ido ba na haɗawa da shi. Muka zube a bakin ƙofa.

Ya cire tabaran. Ya dubi matakala, ya dubi fankar, ya daɗe yana juya kai a falon.

"'Yar nan," ya ce a hankali, "ta ina ake zuwa ɗakina?"