Kebul Ɗin da Mala Ya Ja a Makare

Duk wanda ya taɓa sa intanet a gidansa tsakanin Fagge da Rijiyar Lemo, da wuya bai san Mala Goni ba. Siriri ne, mai furfura a gemu, kullum da jakar kayan aiki a kafaɗa. Iyayensa daga Borno suka zo cinikin atamfa, amma shi tun yana saurayi waya ce ta ɗauke masa hankali. Ya fara da gyaran rediyo a Sabon Gari, ya koma ɗaura dish na talabijin, da zamani ya juya sai ya koyi haɗa waifai a shagon abokinsa Chidiebere, mai sayar da kayan kwamfuta.

Abin da ya sa ake nemansa shi ne bayani. Ba ya ɗaura rauta ya kama gabansa. Sai ya zaunar da maigida ya ce, "Alhaji, wannan akwatin shi ke ɗauko intanet daga waje ya raba wa wayoyin gidan nan. Kada a ɓoye shi a bayan talabijin, a sa shi sama, a tsakiyar gida. Bango mai kauri da ƙofar ƙarfe suna cinye ƙarfinsa. Inda iska ta kasa kaiwa, sai a ja kebul a sa wani ƙaramin a can." Daga nan ya canza lambar sirrin da aka zo da ita daga kamfani, ya rubuta sabuwa a takarda ya damƙa wa uwargida.

Sai dai an ce wanzami ba ya son jarfa. Gidansa na Fagge tsohon gini ne, benayen 'yan atamfa sun kewaye shi ta ko'ina. Sabis ɗin waya ba ya shiga sai ta tagar zaure, don haka a nan ya kafa rautarsa. Waifai ɗin yana kaiwa tsakar gida, amma ɗakin matarsa Fanta yana can ƙurya, ko layi ɗaya ba a samu.

'Yarsu ɗaya ce, Jawahir, tana aure a Madina inda take aikin jinya. Duk Juma'a da la'asar Fanta kan ɗauko kujera ta zauna gindin rariya su yi hira ta bidiyo. Takan ce, "Baban Jawahir, ka haɗa wa duniya, ni ka bar ni ina hira da 'yata kusa da kwata."

Shi kuma yakan ce, "Mita ashirin ne kawai na kebul. Gobe in Allah ya kai mu."

Wannan goben ta shekara biyu. Ba ƙeta ba ce, kullum akwai otal ko ofis a Titin Ibrahim Taiwo da ke jiransa, ita kuma ba mai nanata magana ba ce.

Da ciwon ƙoda ya kama ta, da fari tana iya takowa waje. Daga baya sai shi da ƙanwarta Ummakulsum su riƙo ta. Lokacin da Jawahir ta shiga watan haihuwa, Fanta ta daina tashi gaba ɗaya, ko motsa ta aka yi sai ta yi ta nishi. Mala ya bar aiki, yana zirga-zirga tsakanin asibiti da kantin magani, maganar kebul ta fita daga ransa.

Wata ranar Lahadi da safe saƙo ya shigo: Jawahir ta sauka lafiya, mace. Ya kai wa Fanta hoton jaririyar a waya. Ta daɗe tana kallo, sannan ta ce a hankali, "Hoto ba ya motsi. Ina so in ji kukanta, in ga uwarta da idona."

Ya leƙa jakarsa, guntun kebul ne bai kai taku biyar ba. Ya tari adaidaita sahu zuwa Sabon Gari, ya tarar da shaguna a rufe, ranar Lahadi ce. Ya kira Chidiebere, wanda ke coci a lokacin. Da ya ji dalili bai tambayi komai ba, ya fito da kayan cocinsa ya buɗe shago, ya auno kebul, ya haɗa masa da ƙaramar rauta. Ya ce, "Malam Mala, yi sauri ka je. Ka gaida Madam."

Kafin azahar Mala yana kan tsani. Ya jona kebul ɗin a zaure, ya biyo da shi ta saman katanga yana kafa ƙusoshi. Ya huda gefen tagar ɗakin, ya zura, ya matse kan kebul ɗin. Ta tagar ya ce, "Saura kaɗan, Fanta." Ya ji kamar ta amsa.

Yana ɗaure na'urar a bango Ummakulsum ta fito ta tsaya a gindin tsani. Ba ta yi kuka ba tukuna. Ta ce, "Yaya Mala, sauko. Yaya ta cika."

Ya sauko ya shiga ɗakin, ya rufe mata ido, ya yi salati. Wayarta na gefen filo, ta riga ta kama sabon waifai ɗin, layuka cike. Yana tsaye a kanta kiran Jawahir ya shigo. Ya ɗaga, sai ga fuskarta tar, da jaririya a ƙirji tana tsala kuka.

"Baba, yau hoton ya fito sosai. Ai ɗakin Inna ne wannan. Miƙa mata ta ga takwararta."

Mala ya juya ya dubi gadon, ya dawo da idonsa kan wayar. Jawahir ma'aikaciyar jinya ce, ta san irin wannan kallon. Ta kira sunan Allah, wayar ta suɓuce daga hannunta.

Bayan sadakar arba'in ya koma aiki, don zaman gida ya fi ƙarfinsa. Bai taɓa ɗora wa ƙaddara laifi ba, bai kuma yarda wani ya ce masa ba laifinsa ba ne. Ummakulsum ta sha gaya masa cewa kwana ne ya ƙare, sai ya ce, "Na sani. Amma shekara biyu aka ba ni."

Har yanzu yana yawo da jakarsa, sai dai dogon bayanin nan ya ragu. In ya shiga gida, kafin ya taɓa komai yakan tambayi maigida ko akwai tsoho ko marar lafiya, kuma ina ɗakinsa yake. Daga can yake fara awo. In aka ce a bari sai wani satin, yakan girgiza kai ya jingina tsani da bango.

Jaririyar ta shekara uku yanzu. Bai taɓa ɗaukarta a hannu ba, ta waya kawai ta san shi.