Baƙar Hodar Kawu

Shekarun baya, ana gab da karɓar mulkin kai, na gama makarantar horon malamai mata a Kano aka turo ni Kibiya. Ba zan rantse a kan watan ba, amma damina ta zo ƙarshe, don an fara maganar cirar gyaɗa. Mu mutanen Rano ne, saboda haka aka sauke ni a gidan gwaggona da ke aure a Kibiya, wadda duk unguwar ta sani da funkaso da alkaki.

Cikin akwatina, ban da takardar shaida, abin da na fi ji da shi wani ɗan littafin gashin kek ne. Baturiyar da ta koya mana girki ce ta raba mana, kyautar masu sayar da botar gwangwani. Rabinsa girki, rabinsa talla. A bangon an zana wata mata da takalmi mai tsini da sarƙa a wuya, tana riƙe da kek tana murmushi, mijinta na zaune ya zaro ido kamar an yi masa albishir da kujerar Makka. A ƙasa an rubuta da Turanci cewa matar da ta san wannan botar, mijinta ba ya daɗewa a waje. Wani shafin kuma ya ce man shanu kayan mutanen da ne. Da na fassara wa gwaggo, ta daɗe tana kallon hoton, sannan ta ce ba wannan matar ce ta yi girkin ba, a dubi idonta, ko ja bai yi ba. Na yi dariya, amma a raina na ce tsohuwa ba ta san zamani ba. Ni a lokacin duk abin da aka buga a takarda gaskiya ne.

'Yan mata tara ne a ajina. Hedimasta ya gaya mini ba ɓoye-ɓoye cewa da an fara cirar gyaɗa za a janye su, kuma ba kasafai suke dawowa ba. Idan ajin ya watse, ba ni da aiki a Kibiya. Shawarar da ya bayar ita ce in tara iyayensu mata da kakanninsu, in nuna musu wani abin amfani da 'ya'yansu za su koya. Tun da matan ba za su zo makaranta ba, gwaggo ta ba da tsakar gidanta. Aka sa ranar Alhamis. Ni kuma, da hankalina, na zaɓi kek.

Kawuna yana bin motar kaya daga Rano zuwa Kano, shi na yi wa sautu. Na lissafa masa fulawa, sukari, bota, da abin da muke kira bakin hoda a makaranta, wato farin garin nan da ke sa ƙullu ya tashi. Sau uku na maimaita. Har na so in rubuta masa, na ga kamar raini ne.

Ranar Laraba da la'asar ya iso, ya sauke kaya. Fulawa ta zo, sukari ya zo, bota ta narke ta sake daskarewa amma ta zo. Sai ya ciro wani gwangwani mai hoton furanni, ya miƙo mini yana ba da haƙuri.

"Malama, na zaga kantuna har ƙafata ta yi ciwo. Baƙar ta ƙare a garin. Sai fara, sai wata ja-ja."

Na buɗe, ƙamshi ya buge ni. Hodar shafawa ce.

Ashe da na ce bakin hoda, shi baƙin hoda ya ji, ya ɗauka boko ne ya ɓata mini baki har na manta hoda mace ce. Don kada ya kunyata ni, ya gyara mini a ransa, ya shiga kanti kanti yana tambayar baƙar hoda. Wani mai kanti ma ya tura shi wajen masu kwalli. Abin dariyar shi ne yau ka shiga kasuwa ka ce baƙar hoda, abin da nake nema za a miƙo maka. Kawu bai yi kuskure ba ke nan, ya dai riga zamaninsa.

A ranar kam ban ga abin dariya ba. Littafin ya ce cokalin shayi biyu, kuma bai ce ga abin yi idan babu ba. Na ce wa gwaggo a aika a ɗage taron. Ta ce matan da suka nemi izinin mazajensu tun mako guda ba a ce musu su dawo wata rana. Sai ta tambaye ni aikin me wannan hodar take yi. Na fara yi mata bayani irin na aji, ta katse ni.

"Ke 'yar nan, kumbura take sa shi ko me?"

Na ce e, kusan haka.

"To jiƙa kanwa. Gobe da safe mai nono za ta zo, ki karɓi wanda ya kwana."

Na ce littafin bai faɗi haka ba. Ta ce littafin ya zo ya gasa mini.

Da safe muka yi. Na auna fulawa da sukari yadda aka rubuta, ita ta zuba ruwan kanwa da nono da ido, ina tambayarta cokali nawa ke nan tana ce mini daidai. Tanderun Turawa babu, sai ta zuba yashi a gindin babbar tukunya, muka zuba ƙullun a gwangwanayen madara muka jera su a kai, ta rufe da faranti ta ɗora garwashi. Na so in buɗe sau uku, sau uku tana buge mini hannu. Da aka sauke, ya tashi. Bai yi kama da na hoton ba, ya yi duhu kamar alkaki, wasu sun karkace, amma ya tashi.

Matan suka zo da hantsi, suka cika tabarmi. Na riga na ƙudura ba zan ambaci kanwa ba. Na ɗaga littafin ina nuna musu, ina cewa wannan abincin Turawa ne, da kayan kanti ake yinsa. Suna ci, na lura fuskokinsu sai ƙara rufewa suke. Can wata dattijuwa daga wajen Nariya, wadda jikokinta biyu ke ajina, ta tauna a hankali ta dube ni.

"Malama, akwai kanwa a nan."

Na dubi gwaggo, ta sunkuyar da kai tana gyara itace, ta bar ni da kayana. Na fara cewa wataƙila ɗanɗanon bota ne, na ji kunyar kaina ta kama ni. Sai na faɗi gaskiya tun daga sautun kawu. Kafin in kai ƙarshe wasu sun kwanta a tabarma don dariya, aka ce sai an fito da gwangwanin hodar, ya zaga hannu hannu ana shinshinawa.

Da aka natsu, dattijuwar ta tambaya ko man shanu zai yi a madadin botar. Na ce ban gwada ba, amma ina ganin zai yi. Garin alkama fa? Na ce shi ma ina kyautata zato.

"To da haka kika fara mana," in ji ta. "Ni ina zaune ina cewa, abin da sai an je Kano kafin a dafa, me yarinya za ta yi da shi a ɗakinta? In da kanwa da nono ne, a bar su su koya."

Ba zan ce kek ne kaɗai ya riƙe ajin ba, akwai ƙoƙarin hedimasta, kuma biyu daga cikin yaran sun tafi ba su dawo ba. Amma bakwai sun zauna har ƙarshen shekara. Ranar Litinin ɗin da ta biyo baya jikokin dattijuwar suka zo kowacce da ƙullin kanwa a bakin zane, wai an ce kada su zo makaranta ba kayan karatu.

Na yi shekaru talatin da ɗoriya ina koyarwa, kuma har yau ni mai tsoron kuskure ce, ko shayi zan haɗa sai na auna. Abin da ke ba ni tsoro idan na tuna ranar nan shi ne da sautun ya zo daidai, da na gasa kek mai kyau, matan su ci su yi godiya, su je su janye 'ya'yansu, ni kuma in koma Rano ban san laifin da na yi ba.