Saƙon Mai Gidana Zuwa Ga Idi Maƙeri

Talata: daga gida zuwa Ɗanbatta

Kiran assalatu ya same ni a tsaye, na riga na ɗaure ƙunshina: gero kwano biyu, daddawa, da ƙuli-ƙulin da na toya da hannuna. Ni Tabawa ban yi boko ba, amma ba a taɓa kama ni da mantuwa ba. Matar ɗana, Malama Hadiza, da ke koyarwa a firamaren ƙauyenmu, ita ta raka ni, ita ke duba agogon waya, ita kuma ke rubuta wannan. Abin da na faɗa shi za ta sa.

Ga abin da ya fitar da ni. Tun Turawa ba su tafi ba, ina yarinya mai tallan fura, dagacin wancan zamani yakan kwashe samari su nome masa gona kyauta, gonakin iyayensu kuwa ciyawa ta cinye. Idi Maƙeri ya je birni ya saurari masu fafutukar 'yancin talaka, waɗanda har yau ake ambatonsu a rediyo. Ya dawo ya tsaya a bakin maƙerarsa ya ce noman dole ya ƙare, kuma talaka ya daina tsugunawa ɗan'adam. Aka kwantar da shi a tsakiyar kasuwa aka yi masa bulala. Samari uku aka tilasta su danne shi, ɗayansu shi ne wanda daga baya ya zama mai gidana. Ina nan da ƙwaryata a ka, na gani da idona. An kai Idi gidan yari, amma kafin ya fito noman dole ya mutu a garinmu, don ba wanda ya ƙara fita.

Mai gidana bai sake haɗa ido da shi ba, har Idi ya tsufa 'ya'yansa suka ɗauke shi. Da ciwon ajali ya kama mai gidan nawa, ya ce mini, "Ki nemo Idi, ki roƙar mini gafara." Na ce to. Shekara shida ke nan ban je ba, kuma ba kuɗin mota ne ya hana ni ba. Mutumin da ya yi ladanci shekara goma, ban so a ji wannan a bayansa ba. Sai makon jiya wani mai sayen gyaɗa ya ce Idi yana Ungogo, ya kwanta, ko masallaci ba ya fita.

Ƙarfe shida saura kwata muka hau babur. Kilomita tara ne inji Malama, gero da gyaɗa hagu da dama, ba ka gama wuce wani gida sai ka ga wani. Shida da minti ashirin muna tashar Ɗanbatta.

Ɗanbatta zuwa Ungogo

Direban ya ce, "Hajiya, gaba ko baya?"

Na ce, "Ban je Makka ba, kada ka ɗora mini. Gaba."

Dubu biyu-biyu ya karɓa. Sai bakwai da rabi mota ta cika. Shinge biyu muka tarar. A na biyun wani mai kaki ya leƙo ya ce, "Inna, mene ne a ƙunshin?"

"Daddawa. Buɗe, in kana son ka wuni da ita a hannu."

"Allah ya ba ki haƙuri. Direba, tafi."

Wani mai babbar riga a baya ya kama zancen shugabanni, wai duk ɗaya suke, na da da na yanzu. Na juya na ce, "Kai dai ba ka ga na da ba. Ni na ga wanda aka zane har rigarsa ta manne da bayansa, bai ambaci sunan kowa a cikin abokan tafiyarsa ba." Ya ce wane ne, a wane littafi yake? Na ce ba ya cikin littafi, maƙeri ne. Tara da minti goma muka sauka.

Ungogon da na sani gonaki ne. Yanzu bulo ne ko'ina, dawa na leƙowa ta tsakanin katangu. Adaidaita sahu uku muka canza, muna tambaya, sai bayan azahar muka sami gidan ɗan Idi. Matarsa ta ce, "Ayya, Inna, kwana goma ke nan da aka mayar da Baba Bici, wurin 'yarsa mai aikin asibiti. Jikin ya yi nauyi." Na ce Malama ta tashi mu tafi, sai hadari ya haɗo, aka yi ruwa har magariba. Dole muka kwana. An ba mu tuwon masara miyar kuka. Miyar ba laifi, amma na bar wa matar gidan rabin daddawata.

Laraba: Bici

Shida da rabi muka fita. Adaidaita zuwa titin Katsina, daga nan bas, dubu ɗaya da ɗari biyar kowa. Malama ta sayi ƙosai a tasha, na ce ba na ci. Takwas da kwata muna Bici, gidan na bayan kwalejin malamai.

'Yar Idi, Rabi sunanta, ta shigar da mu. Yana kwance a katifa, idanun sun rufe, hannuwan nan da suka daki ƙarfe sun zama kamar kara. Na yi sallama, na tuɓe takalmi, na tsuguna a bakin katifar.

Ya ce, "Muryar nan daga ƙasa take zuwa. Rabi, wa ya tsuguna mini?"

"Baƙuwa ce daga garinku, Baba."

"Ba ta kujera."

Na ce, "Baba Idi, roƙo na zo yi, a haka ya kamata."

"A kan wannan tsugunon aka fasa mini baya. In kin ci gaba da shi, an doke ni a banza ke nan. Tashi."

Na tashi na zauna, gwiwoyina ma suka gode masa. Na faɗi abin da ya kawo ni tun daga farko, har da shekara shidan da na ɓata.

Ya ce, "Su uku ne. Wanne ne naki?"

Na ce, "Ladanin masallacin gabas."

"Ni na bar gari kafin a gina na gabas."

"Dogo, mai tabo a goshi."

"Yarinya, ina kife ne, fuskata a ƙasa. Faɗi sunansa."

To, masu karatu, ku san wannan. Shekara hamsin da biyu na yi da mutumin nan, bakina bai taɓa kama sunansa ba. Haka aka tarbiyyantar da mu. Ko mai irin sunansa ya zo sayen daddawa, sai na yi masa laƙabi. Na dubi Malama, ta sunkuyar da kai, ita ma surukinta ne. Ba mai faɗa sai ni. Na tuna shi ya aiko ni, kuma saƙo ba ya isa ba sunan mai shi. Na faɗa.

Idi ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, Rabi ta ba shi ruwa. Ya ce, "Ɗan Gwaggo Asabe! Ƙafar hagu ya riƙe. Hannunsa ya fi ƙafata rawa. Da ya ƙi, da a gefena za a kwantar da shi, shi kaɗai kuwa uwarsa ta haifa. Don irinsa na tsaya, zan kuma riƙe shi da laifi? Ni abin da ya ɓata mini rai, fartanyarsa. Shekara da shekaru yana taka ƙafa har Ɗanbatta a gyara masa, ga maƙerata a ƙofar gidansa."

Na ce, "Kunya ce, Baba."

"Na sani. Na yafe masa tun a kasuwar, yau ma na ƙara, Rabi da wannan malamar shaida ne. Allah ya jiƙansa. Ke kuma da kika zauna a kan saƙon mamaci shekara shida, tsakaninki da shi, ba ruwana."

Wannan ta shige ni, amma gaskiya ce, ban musa ba. Na ajiye masa geron da ƙuli-ƙulin. Ya ce haƙora sun tafi, a jiƙa masa.

Komawa gida

Sha ɗaya da rabi muka bar Bici, muka sake mota a bakin Kano. A nan na ci ƙosan Malama, ya huce amma na cinye. La'asar a Ɗanbatta, biyar da minti goma babur ya sauke mu a ƙofar gida. Ɗana ya taso ya ce, "Inna, an dace?" Na ce an dace, ya je ya faɗa wa liman, kowa ma ya ji, na gama ɓoyo.

Na gode wa Allah da ya sa na tarar da Idi da ransa. Na gode wa Rabi, da matar Ungogo da ta ba mu masauki, da Malama da ba ta gaji da ni ba. Yanzu take tambayata ko ta rubuta sunan a nan. Na ce a'a. Sau ɗaya na faɗe shi, a inda aka aike ni.